Tocila huɗu a hannun maigadi ɗaya: nazarin lamari

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa maigadi ne, ɗan shekara hamsin da ɗoriya, yana tsaron wani siton hatsi a bayan garin Kano. Yana kama aiki bayan Magariba, ya sauka bayan Asuba idan 'yan dako sun fara isowa. Siton dogon gini ne mai rufin kwano, ƙofa gaba da baya, bayansa kuma fili ne da ciyawa ke rufewa da damina. Babu fitilar titi a wajen. Wutar lantarki tana zuwa unguwar, amma ba ta da lokaci.

Aikinsa zagaye ne. Kusan kowace awa yakan tashi ya kewaya ginin, ya taɓa kwaɗunan ƙofa, ya haska gindin bango, ya leƙa ƙarƙashin motocin da suka kwana da kaya. Kowane zagaye yana cin minti 15 zuwa 20. Idan aka tara, tocilarsa tana ci awa uku zuwa huɗu a dare guda.

Ba ɓarawo kaɗai yake tsoro ba. Inda hatsi yake akwai ɓera, inda ɓera yake kuwa maciji na biye da shi. Kububuwa da dare take fita, ba ta da girma, launinta launin ƙasa, kuma tana sahun gaba cikin macizan da ke kashe mutane a Arewa. Duk wanda ya san asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya san haka. Saboda haka mutumin nan ba ya ɗaga ƙafa ya sauke sai inda haske ya fara sauka.

Shekara da shekaru yana aiki da tocilar ƙarfe mai cin manyan batura biyu. Mai siton, wanda kowa ke kira Alhaji, yana ba shi kuɗin batir duk mako. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da sakin naira da aka yi a watan Yuni, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi ta hawa, batir ma ya bi sahu. Kuɗin makon bai tashi tare da farashin ba. Maigadin mutum ne mai kawaici, bai yi magana ba, sai ya shiga neman yadda batura biyu za su kai shi inda huɗu suke kai shi a da.

Yuli zuwa Satumba 2023: tocilar ƙarfe

Dabarun da ya bi sanannu ne. Da safe yakan zare baturan ya shanya su a rana a kan bulo. Da yamma idan ya mayar, hasken yakan farfaɗo na minti ashirin ko talatin, sannan ya koma ja. Da shanyar ta daina ci, sai ya koma bubbuga su da dutse har gefensu ya lotsa. Daga baya ya riƙa sayen batir ɗaya maimakon biyu, ya haɗa sabon da wanda ya fi dama-dama cikin tsofaffin.

A watan Agusta zazzaɓi ya kwantar da shi kusan mako guda. Ƙaninsa ya riƙe masa gadin da fitilar waya, ita kuwa tocilar tana rataye a ƙusa a ɗakin gadi, baturan na ciki. Da ya dawo, murfin baya ya ƙi murɗuwa sai da ya naɗa tsumma ya sa ƙarfi. Batirin ƙasa ya kumbura ya manne da jikin bututun, takardar da aka naɗe shi da ita ta jiƙe da wani ruwa mai danƙo, sifirin ɗin murfin ya yi jar tsatsa, ɗan ƙarfen makunni kuma ya yi kore.

Ya zaƙulo batirin da ƙusa. Ya kankare cikin da wuƙa, ya wanke da kalanzir, ya shanya. Garin kankara sifirin ɗin ya karye, sai ya dunƙule takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari ya cusa a madadinsa. Da tsumman kalanzir ɗin ya goge kwanon nan mai sheƙi da ke bayan ƙwan fitila, sheƙin ya bi tsumman. Tocilar ta ci gaba da kamawa kamar mako biyu, amma sai an buga ta a tafin hannu, haskenta kuma ya daina tafiya nesa, ya tsaya a gaban ƙafa. Kafin Satumba ya ƙare ya jefa ta cikin kwali a ƙarƙashin benci.

Oktoba 2023 zuwa Afrilu 2024: masu caji guda biyu

Ya sayi tocilar roba mai caji, irin wadda ake turo mata haƙora biyu daga gindi a soka a soket. Makonnin farko ya ji daɗinta ƙwarai. Haskenta fari ne tas, kuma tunda ba sayen batir, sai ya daina kashe ta tsakanin zagaye. Yakan rataye ta a bakin ɗakin gadi tana ci har ta mutu don kanta wajen Asuba.

Cajinta ya danganta da wuta. Idan ya koma gida ya tarar babu, tocilar takan zauna a mace kwana biyu ko uku, shi kuma ya lallaɓa da fitilar waya. Ran da aka kawo, sai a soka ta a bar ta, wani lokaci wuni da kwana, don a ganinsa gara ta sha ta ƙoshi tunda ba a san ranar dawowar wutar ba. Akwai ɗan jan ƙwai a gefenta da ke kamawa idan an soka ta. Ya jira ya ga ranar da zai canza launi ya nuna ta cika, bai taɓa canzawa ba.

A watan Disamba ta koma awa biyu. A Janairu 2024 ta koma rabin awa. Ita ma ta bi ta farko cikin kwali.

A Fabrairu ya sayi irinta. Wannan karon ya ce ba zai bar ta a mace ba, sai ya riƙa kai ta shagon masu cajin waya da ke aiki da janareto, ya ajiye da safe ya karɓa da yamma, kullum. Ran da bai kai ba, takan wuni a kan tagar ɗakin gadi, ƙarƙashin kwano. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano da aka kulle kuwa ya fi haka. Cikin watan ya lura bayan tocilar ya ɗan tasa, kuma tana yin zafi idan ta sha caji. Wata rana yaron shagon ya danna makunninta tana soke, don ya ga ko ta ɗauka. Ta yi walƙiya sau ɗaya, ƙwayayen suka ƙone, guda biyu kawai suka rage suna ɗan lumshi.

Mayu zuwa Agusta 2024: ta alminiyam, da daren harbin kunama

Alhaji ya ga abin ya yi yawa, sai ya sayo masa da kansa wata ta alminiyam, baƙa, mai nauyi a hannu, mai cin batir ɗaya irin na litiyam da ake kira 18650. An rubuta 9,900 mAh a jikin batirin, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka. Ta zo da ɗan abin caji nata. Makunninta na gindi ne, hawa uku: danna na farko haske mai ƙarfi, na biyu matsakaici, na uku mai ƙyaftawa. Maigadin a na farko yake tsayawa, don shi ne ke fara zuwa, kuma yana kai haske har ƙarshen filin.

Tun makon farko ba ta wuce minti 35 zuwa 40 a caji guda. Ya ɗauka haka irinta take, sai ya riƙa yi mata rowa: ya kunna ya hango, ya kashe, ya yi taku goma a duhu, ya sake kunnawa. Daga baya ta fara ƙyafta ido ko ba a taɓa ta ba.

Wani dare a watan Agusta, ana tsaka da ruwa, ta ɗauke masa a bayan siton. Ya dafa bango yana lalube don ya dawo, kunama ta harbe shi a hannun dama. Ya yi kwana biyu bai fita aiki ba. Da Alhaji ya je duba shi, cewa ya yi tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Alhaji ya ce haka ne, amma ya tattara duk tocilolin nan ya kai wa mai gyaran rediyo da waya na bakin titi, a ji daga bakinsa.

Satumba 2024: abin da aka gani a teburin mai gyara

Mai gyaran saurayi ne, ya girmi 'ya'yan maigadin da kaɗan. Bai fara da buɗe komai ba. Tambaya ya fara yi: ina kowacce take wuni, wa ke yi mata caji, awa nawa, me ake yi mata idan ta mutu. Sannan ya jera su huɗu a kan tebur.

Ta ƙarfen ba ta ɗauki lokaci ba. Batirin gargajiya mai volt 1.5, gwangwaninsa na tutiya ne, kuma tutiyar ita ce abin da ake ci a samu wuta. Duk yadda batir ya ƙare, haka bangonsa ke yin siriri. Zafin rana da hutun wuni suna ɗan motsa sinadarin ciki ya ba da saura, amma ba sa ƙara masa komai. Bugu da dutse yana fasa bangon da ya riga ya yi laushi. Haɗa sabo da tsoho kuwa, sabon ne ke tura wuta ta cikin mataccen da ƙarfin tsiya, shi ya sa tsohon ke kumbura ya zubar da ruwa. Ruwan wannan irin batir mai tsami ne, yana cin ƙarfe, kalanzir kuma ba ya kashe kaifinsa. Abin da ke kashe shi ruwan kanwa ne, a ɗiba da auduga a kan tsinke a goge, a bi da auduga mai tsabta, a bari ya bushe sarai. Batirin alkalin, mai tsadar nan, nasa daban ne: farin gari yake fitarwa mai cin fata, shi kuma ruwan lemun tsami ke kashe shi. Kowanne aka taɓa, a wanke hannu kafin a kai shi ido ko baki.

Na robar ya kwance su da sukurdireba. Cikin kowacce akwai ɗan baƙin akwati, batirin dalma mai volt 4, ɗan'uwan na mota amma ƙarami, da 'yan kayan haɗi kaɗan da ke rage wutar soket. Babu abin da ke yanke caji idan batir ya cika. Jan ƙwan nan ba ya nuna komai sai cewa an soka ta. Ya ɗora mita a kan batirin ta farko, ya nuna ƙasa da volt 2. Lafiyayye idan ya cika yana nuna 4.2 ko kusa da haka, kuma daga 3.5 an ɗauka ya ƙare. Batirin dalma idan ya ƙare aka bar shi, wani farin gishiri ne ke taruwa a kan farantansa, kamar ƙanzo a gindin tukunya: idan an jiƙa nan take ya fita, idan ya kwana biyu ya kafe. Caji da wuri yana narkar da shi, jinkiri yana sa ya daskare, wurin da ya rufe kuma ya daina aiki ke nan.

Batirin ta biyu ya kumbura har ya tsage a gefe, cikinsa a bushe. Wunin caji na kullum da zafin taga sun ƙone ruwan da ke ciki. Batir busasshe ba ya shanye wutar da ke shigowa, saboda haka da yaron shago ya danna makunni, wutar ta wuce kai tsaye ta faɗa kan ƙwayayen. Mai gyaran ya ƙara da gargaɗin cewa irin wannan tocila babu shamaki tsakanin cikinta da wutar soket, kada wanda ya buɗe ta ko ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu tana soke.

Maigadin ya ce zai kai wa yaransa gawarwakin su yi wasa. Mai gyaran ya hana. Ya ce, "Baba, dalma ce a ciki. Ba a ba yaro." Ya tuna masa abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Hanyar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi saurin ɗaukarta. Aka ware baturan biyu don masu sayen tsohon batir.

A kan ta alminiyam ya fi daɗewa. Jikinta lafiya lau, ƙwanta ma haka. Ya ɗora batirin a kan ɗan sikeli, bai kai giram 30 ba, alhali na ƙwarai yana kai 45 ko fiye. Ya sa shi a na'urar gwaji ya wuni, ya ba da kusan 500 mAh. Batir mai wannan girma, faɗin milimita 18 da tsawon 65, ko na manyan kamfanoni bai cika wuce 3,500 ba, don haka duk wanda aka rubuta wa 9,900 an san ba gaskiya ba ne tun kafin a gwada. Hawan farko na tocilar yana jan kusan 900 mA, wato yana cin 900 mAh a awa guda, hawa na biyu kusan 300. Lissafin ya fito daidai da abin da maigadin ya gani: 500 a kan 900, ɗan abin da ya haura rabin awa. Abin cajin da ta zo da shi kuma ba ya tsayawa a volt 4.2, wanda shi ne iyakar wannan batir. Yana ci gaba da turawa.

Saura ƙyaftawar. Ya kwance murfin gindi ya goga farin tsumma a wurin murɗawa, tsumman ya fito baƙi ƙirin, ƙura da garin alminiyam sun haɗu sun zama tabo. Wutar wannan tocila ta jikinta take bi ta dawo, saboda haka dattin da ke bakin bututun yanke hanya yake yi. Zoben ƙarfen da ke riƙe makunni a cikin murfin ya yi sako-sako, ya ɗaure shi da bakin ɗan hantsaki. Zoben robar da ke hana ruwa shiga ya bushe, amma bai tsage ba.

Tsarin da aka ɗora shi a kai

Aka tsaya a kan ta alminiyam. Mai gyaran ya zaɓo batura biyu daga cikin waɗanda ya ciro a tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, ya gwada kowanne a na'ura, ɗaya ya ba da 2,000 mAh, ɗaya 2,100. Ya duba rigar robar da ke jikinsu babu yagewa, domin duk gwangwanin batirin wuta ne, rigar ce kaɗai ke raba shi da jikin tocila. Ya rubuta 1 da 2 a jikinsu. Alhaji ya biya kuɗin abin caji mai yanke kansa a 4.2 ya canza launin ƙwai, da ƙaramin faifan sola mai bakin USB.

Ya goge bakin bututun da kan sifirin da auduga da sifirit, ya bi kan baturan da abin goge fensir, ya shafa ɗan man silikon a zoben roba da wurin murɗawa. Ya ce kada a sa baƙin mai ko giris ɗin mota, suna cin roba kuma suna kama ƙura. Kwanon sheƙi kuwa ba a taɓa shi ko da yatsa.

Abin da aka nema daga maigadin kaɗan ne. Ya yi zagaye da hawa na biyu, wanda batir ɗaya zai riƙe fiye da awa shida, ya ajiye hawa na farko sai ya ji motsi. Ya kashe ta tsakanin zagaye. Da safe ya cire batirin da ya kwana yana aiki ya sa a caji ko bai mutu ba, ya sa ɗayan a tocilar, ƙwan caji na canza launi ya zare. Na ajiya ya zauna cikin guntun tiyo da aka toshe bakinsa biyu, kada ya haɗu da makullai ko tsabar kuɗi a aljihu. Da rana tocilar ta wuni cikin jaka a ƙasa, a inuwa, an ɗan sassauta murfin gindi don kada ta kama da kanta. Ran Juma'a, kafin ya tafi masallaci, ya goge bakin bututun da busasshen tsumma.

Maigadin ya ce, "Ɗana, duk wannan don tocila?"

"Minti biyar ne, Baba. Wadda ta harbe ka ma ai ba ta kai minti biyar ba."

Oktoba 2024: kwanakin duhu

A ranar 21 ga Oktoba 2024 babban layin wuta da ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir a jihar Binuwai ya ɗauke, ga shi dama an lalata na Shiroro zuwa Kaduna tun kafin nan. Yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu fiye da mako guda. Litar fetur ta haura naira dubu a wurare da dama, shagunan caji suka cika, suka kuma ƙara kuɗi. Maigadin bai je ko ɗaya ba. Faifan solar yana cika masa batir cikin awa huɗu zuwa biyar, kuma ba a yi daren da ya taɓa na ajiya ba.

Matsala ɗaya ta fito a makon. Wayar faifan gajera ce, sai ya riƙa ajiye abin cajin da batirin a gefen faifan, cikin rana. Mai gyaran ya biyo ta wajen ya ɗauki batirin ya ji ya yi zafi. Batirin litiyam ba a son a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, ƙarfen da ya wuni a ranar Kano kuwa yana wuce haka cikin sauƙi. Ya ƙara wa wayar tsawon mita biyu, faifan ya zauna a kan katanga, batirin ya koma cikin ɗaki a ƙasa.

Disamba 2024 zuwa Satumba 2025

Da hunturu ya kankama, ƙyaftawar ta dawo. Maigadin ya canza batir, ba ta daina ba. Wannan karon bai jefa ta a kwali ba, bai kuma buga ta a tafin hannu ba. Ya kwance gindin ya goge, ya ga gogewar mako-mako ba ta isa a lokacin ƙura, sai ya mayar da ita duk bayan kwana biyu har iskar ta kwanta. Gilashin gaba kuma ya koyi hure shi kafin ya goge, don ƙurar hunturu tana karce shi idan aka murza ta a bushe.

Bazarar 2025 ta wuce ba labari. Da damina, bayan wani dare na ruwa mai yawa, ya ga raɓa a cikin gilashin. Ya cire batirin, ya kwance kai da gindi, ya bar su a inuwa inda iska ke bi har yamma. Mai gyaran ya duba ya ga zoben robar ya tsage, ya canza shi. A watan Satumba, shekara guda da fara tsarin, aka sake gwada baturan: na farko ya sauko kusan 1,800 mAh, na biyu kusan 1,900. Tocilar ita ce dai ta watan Mayun 2024.

Hukunci

Cikin tocila huɗun nan, abin da aka sayar wa mutumin nan na banza tun daga shago shi ne batirin ƙarya da abin cajin da suka zo da ta huɗu. Wannan ba laifinsa ba ne, ba na Alhaji ba ne, kuma abin takaici ne ƙwarai, domin ƙaryar da aka buga a jikin ɗan batir ita ce ta bar dattijo yana lalube a duhu. Sauran ukun kuwa, a ganina, da rana suka mutu. Ta ƙarfen a ƙusa ta lalace da mataccen batir a cikinta. Ta roba ta farko zaman kwana uku a mace ya kashe ta, ta biyu kuma wunin soket da zafin taga. Aikin dare bai fi ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ban ga sakaci a wajensa ba. Kowace dabara da ya yi, tattali ne ya sa shi: shanya batir, haɗa sabo da tsoho, barin tocila ta sha caji ta ƙoshi. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa cewa batura iri uku ne, kuma abin da wani ke so shi ne ke kashe wani. Na gargajiya a cire shi da zarar ya yi sanyi. Na dalma a mayar masa da caji ran da aka yi aiki da shi, na 'yan awanni, a zare. Na litiyam kada a ƙarar da shi, kada a wuce masa 4.2, kada a bar shi a rana. Da tocilar robar ta samu wannan kulawa, da ta fi haka daɗewa, ko da yake tsarin cajinta mara yankewa ya sa ba zan ba mai gadin dare shawarar dogara da ita ba a unguwar da wuta ba ta da lokaci.

Abin da ya yi aiki ya yi ne saboda dalili uku da suka haɗu. Batir biyu da hawa na biyu sun sa babu wanda ake ƙararwa. Faifan sola ya raba cajin da jiran wuta, wanda shi ne tushen barin tocila a mace da kuma barinta a soket. Sannan Alhaji ya yarda ya kashe kuɗi sau ɗaya a kan kayan da suka fi tocilar kanta tsada, abin da ya kamata a ce ya yi tun a daminar 2023, lokacin da kuɗin batir ya daina isa. Maigadi mai kawaici ba zai zo ya ce kuɗin ya gaza ba. Mai dukiya ne ya kamata ya tambaya.

Wuri ɗaya nake da ja a tsarin. Baturan tsohuwar kwamfuta sun yi a nan ne don an auna su ɗaya bayan ɗaya, an duba rigarsu, an haɗa su da abin caji mai yankewa. Irinsu ba su da kariya a jikinsu, kuma batirin litiyam da ya lotsa, ko ya yage, ko yake zafi a caji yana iya kamawa da wuta, a wurin da buhunan hatsi suke jibge har rufi. Wanda ba shi da mai auna masa, gara ya sayi sabo mai kariya a wurin da zai iya komawa idan ya ga ba daidai ba, kuma ya yi cajinsa a kan siminti, nesa da buhu da katifa.